A Yi Wa Ƙasa Allura, Amma a Fara Auna Ta

Duk wanda ya tashi a jigawa ya san halin rairayi. Da rani ka taka shi ya riƙe ka, da damina ruwa ya ratsa shi ya tafi da ƙananan ƙwayoyinsa, sai gini ya fara zama ta gefe guda. Bangon ɗakin kwananmu na ɗalibai ya tsage tun daga dandamali har taga. Sau biyu ana liƙe shi da siminti, sau biyu yana buɗewa, domin ciwon yana ƙarƙashin harsashi, su kuwa bango suke yi wa magani.

To, akwai wata dabara da ya kamata injiniyoyinmu na gobe su sani, watau yi wa ƙasa allurar ƙaro mai kumbura. Wani kamfanin ƙasar Finlan mai suna Uretek ne ya yi suna da ita. Akan huda ƙananan ramuka, faɗinsu bai fi na babban yatsa ba, a zura bututu har ƙarƙashin harsashi. Sa'an nan a tura ruwan sinadari iri biyu waɗanda ke haɗuwa a bakin bututun. Da haɗuwarsu sai su kumbura kamar ƙullin da ya sha yisti, su cike kogunan da ruwa ya bari, su danne rairayin da ke kewaye har ya cushe. Cikin 'yan mintoci abin ya daskare. Sunansa foliyuretan, dangin soson katifa ne, sai dai shi mai tauri ne. Ana aikin ana duban ma'auni, da gini ya ɗan motsa sama a dakata. Ba a rushe ɗaki, ba a kwashe masu kwana a ciki na wata da watanni.

Mutanen Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan sun gwada ta da gaske. Girgizar ƙasar ranar 22 ga Fabrairu 2011 ta kashe mutum 185, ta kuma mai da jiƙaƙƙen rairayin da ke ƙarƙashin birnin tamkar kunu, gidaje suka nutse suka karkace. Daga baya aka yi wannan allura a filayen da aka tashi mutane, aka auna ƙasar kafin aiki da bayansa, aka ga rairayin ya ƙara cushewa.

A lura da wannan: kafin aiki da bayansa. Nan ne tsorona yake. Abin da aka tura cikin ƙasa ido ba ya ganinsa, kuma mun san irin 'yan kwangilar da ke son aikin da ido ba ya gani. Mutum ya huda rami goma, ya tura rabin ganga, ya kawo takardar kuɗin ganga ashirin, wa zai tona ya ƙirga? Ga shi sinadarin daga waje ake sayo shi da kuɗin ƙetare, alhali kuwa asalinsa man fetur ne, wanda muke da shi. Haba!

Kuma ba kowace ƙasa ke karɓarsa daidai ba. Rairayi mai tsabta yana cushewa, amma laka mai riƙe ruwa ba ta dannuwa da sauri haka. In kuwa fasasshen famfo ne ko makwararar da ta toshe ke cin ƙasar, allura ba za ta hana ruwa ci gaba da ɓarnarsa ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwanmu da suka riga mu shiga ma'aikatun ayyuka, waɗanda fayil ke bi ta teburinsu. Kada ku sa hannu sai kun ga sakamakon awon ƙasa, irin wanda ake cusa sandar ƙarfe mai tsini a ga ƙarfin da ƙasa ta yi mata, na farko da na ƙarshe, kuma wanda ya auna ya zama ba yaron ɗan kwangila ba ne. Mu kuma a sashen injiniya, a ba mu bangon nan namu mu fara koyon awo a kansa kafin damina ta sauka.