Waiwaye: Ranar da ya ja hannuna zuwa randa

Mu da muka tashi a gidan yawa mun san yadda ake ƙirga girman yaro ba tare da kalanda ba. Ya fara zama, ya yi rarrafe, ya fitar da haƙori, ya fara tatata, sai yaye a kai shi ɗakin kaka. Daga nan sai baki ya buɗe: yau "Inna", gobe "ruwa", jibi ya ishi kowa da surutu. Ɗana na fari ya taka duk waɗannan matakai, a na ƙarshe ya tsaya. Yau shekararsa 24, bai taɓa furta kalma ba.

Kun san alkunyarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ni kuwa na riƙe wannan da kyau. Shi ya sa uwar mijina ce ta fara lura cewa in an kira shi ba ya waiwayowa. Aka ce kurma ne. To, wane irin kurma ne zai toshe kunne yana kururuwa da an tayar da injin markaɗe a maƙwabta? Sai ya wuni yana juya murfin kwano a tsakar gida, yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Tuwo kuwa sai gaya, in miya ta taɓa shi an gama. Magana ta fara yawo a ƙasa-ƙasa: ɗan ruwa ne, an musanya shi, uwarsa ta fita da almuru tana da ciki. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi. Yana shekara 5 wata likita ta ce kunnensa lafiya lau, ta kira sunan abin, otizim.

Yanzu har a rediyo ana zancensa, wasu suna cewa galahanga. Tun 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu domin masu wannan lalura, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ku tuna yaran unguwarmu na da, ku yi lissafi. Ina suke? Suna nan, a ɗakin baya, ana turo musu ƙofa in baƙi sun yi sallama. Mun manta da su ne don ba su iya tuna mana da kansu ba.

Wani abu da na ji daga baya ya sa ni dariya mai ɗaci. A Amurka, inda likita Leo Kanner ya fara bayyana lalurar a 1943 bayan ya lura da yara 11, an shafe shekaru wasu masana na ɗora laifin a kan uwa, wai rashin jan ɗa a jiki ne. Bincike ya rushe wannan zance. Amma ni, da ban san da su ba, na daɗe ina kwana da wannan zargi a raina, ina cewa ko alkunyata ce ta hana shi baki.

Yana shekara 7, wata rana da zafin bazara ina tankaɗe, sai na ji an kama wuyan hannuna. Shi ne. Bai dube ni ba, ya dai ja ni har gindin randa, ya ɗora tafina a kan murfin. Kafin ranar, ƙishirwa da yunwa da ciwo duk kuka ɗaya ne a wurinsa, sai mu yi ta lalube. Na ɗebo a moɗa na ba shi, na zauna daɓas a ƙasa ina hawaye. Uwar mijina ta leƙo ta ce, "Ke lafiya?" Na ce, "Inna, ruwa ya roƙa." A gabanta na rungume shi na kira sunansa, ba ta ce mini komai ba. Da yamma ta sa aka dama fura aka raba sadaka.

Iyayen yanzu suna ɗora hoton yaro a waya ran da ya zo na ɗaya a aji, Allah ya ƙara basira. Namu lissafin daban ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ɗauki buta da kansa yana shekara 10. Yana 13 ya zauna wanzami ya yi masa aski ba tare da maza uku sun danne shi ba, har mahaifinsa ya ninka ladan askin. Akwai kuma watannin da yakan koma baya, barci ya ƙaurace wa gidan duka, waɗannan ba na son dogon zance a kansu.

A Sallar da ta wuce ƙannensa suka sa masa hula, kamar yadda suke gwadawa kowace shekara ya fizge ya jefar. Wannan karon ya taɓa ta, ya bar ta. Muka bi shi da ido, ba wanda ya yi ko tari, har ya kai zaure tana kansa.