Masu dasa murjani da masu tsaronsa

A watan Yulin 2023 zafin ruwa ya haura digiri 38 a wani mashigin teku mai suna Manatee Bay, a kudancin jihar Fulorida ta Amurka. Ma'aikatan ƙungiyar Coral Restoration Foundation, waɗanda suka shafe shekaru suna renon murjani a jikin bututan roba da suka kafa a ƙarƙashin ruwa, suka nutsa a tsaunin murjani na Sombrero Reef don duba shukarsu. Ko ɗaya bai tsira ba. Abin da ya rage a wasu wuraren renon sai kwashe shi aka yi zuwa tankuna a tudu.

Murjanin da ake magana a kai dangin jan nan ne da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, sai dai shi tsaunuka yake ginawa a cikin teku. Ƙananan halittu ne masu rai, da wata gansakuka a cikin jikinsu mai ba su abinci da launi. In ruwa ya ƙara ko digiri 1 a kan zafin da suka saba na 'yan makonni, sai su fitar da ita, su yi fari fat, yunwa ta ƙarasa su. Wurin da suka mamaye bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku da su suka dogara.

Ban raina aikin masu dashe ba. Nutso da tukunyar iska goye a baya don ɗaure reshe ɗaya bayan ɗaya ba wasan yara ba ne. Damuwata ita ce kuɗi da kyamara sun fi karkata wajensu, don dashe yana da kyau a hoto. Ɗan yawon buɗe ido zai biya, ya manna guntun murjani, ya sa a Instagram, ya hau jirgi ya koma gida.

Ni dai masuntan Kuruwitu, a gundumar Kilifi ta Kenya, su suka fi burge ni. Da suka ga kamu yana ta raguwa, ga masu kwasar kifin ado suna wawashe musu ruwa, sai suka kafa ƙungiya a 2003, daga baya suka ware hekta 30 suka haramta wa kansu su a ciki. Tengefu suke kiran wurin. Mutumin Argungu ba zai sha mamaki ba, tunda kogin Matan Fada ma a rufe yake sai ranar bikin kamun kifi. Amma a lura, masu wannan haramcin talakawa ne da cefanen gidansu ke fitowa daga ruwan da suka rufe.

Hikimar a nan take: akwai kifayen da ciyawar teku ce abincinsu. In aka kame su, ciyawa ta lulluɓe murjani ta shaƙe shi. In aka bar su, sai su share masa fili, ya farfaɗo da kansa, kifin ya hayayyafa har ya malala zuwa inda aka halatta jefa koma. Ƙauyukan maƙwabta sun kwaikwaya. A 2017 ƙungiyar ta samu lambar yabo ta Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Sarki Charles na Ingila ma ya leƙa wurin a 2023.

Tengefu ba ya sanyaya teku, wannan gaskiya ne. Farin da murjani ya yi daga 2023 zuwa 2025 ya taɓa kusan kashi 84 cikin 100 na tsaunukan murjanin duniya, kuma maganinsa yana hannun ƙasashen da ke ƙona kwal da fetur. Sai dai murjanin da ke da kifinsa ya fi saurin miƙewa bayan zafi ya wuce. Don haka da ni ke raba kuɗin tallafi, kafin a sayi bututun reno ko ɗaya, sai an biya man kwalekwalen sintiri da alawus ɗin masuncin da ke kwana gadi, an kuma samar wa matan da ke soya kifi abin yi na shekarun farko da kamu zai yi ƙasa.