Yisti Ya Koya Wa Likitoci Darasi

Jama'a, yistin nan da masu gidan burodi a Kafanchan ke kwaɓa fulawa da shi, halitta ce mai rai. Cikin ƙwayarsa akwai zaren gado, watau DNA, wanda hasken rana kan yi wa lahani, amma yana da ƙwayoyin gado masu ɗinke ɓaraka.

A 1993 masana a Amurka suka bi sawun ɗayansu, mai suna MSH2, suka tarar da takwaransa a jikin mutum. In ya lalace, ciwon dajin hanji kan bi zuri'a. Yanzu akan gwada iyalai tun ciwon bai kama su ba.

To, hukumomin da ke ƙyashin ba jami'o'inmu kuɗin binciken ƙananan halittu su tuna: ƙaramin goro ya fi babban dutse.