Zuwa ga masu haɗa na'urar auna ruwan tanki a Anka, Gummi da Bukkuyum

'Yan'uwa masu gyaran waya da haɗa sola,

Dabarar sanya wa tankin burtsatse abin da zai faɗi yawan ruwansa ba tare da an hau tsani ba dabara ce mai kyau, kuma ba ta da tsada. Ƙaramar na'urar ƙofa ta ƙararrawar ɓarayi, mai aika saƙo a kan megahaz 433, ta isa: a cire ɗan makunnin gilashin da maganaɗisu ke motsawa, a jona wayoyi biyu zuwa makunni mai yawo a kan ruwa. Ruwa ya sauka, ƙararrawa ta yi kuka a ɗakin mai gadi, a tayar da inji.

Inda nake jan hankalinku shi ne wurin liƙi. Wayar liƙin da aka fi samu a kasuwa, wadda aka rubuta wa 60/40, kashi 40 cikin ɗari nata dalma ce. Ku kuwa ba sai an ba ku labarin dalma ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a Yargalma da Dareta, daga baya aka ga haka lamarin yake a Abare, Sunke da Bagega: ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Ɗigon liƙi ɗaya bai kai wannan ba, gaskiya ne, amma likitoci sun ce babu wani adadin dalma da jikin yaro ke ɗauka lafiya. Saboda haka duk mahaɗar waya ta zauna a wajen tanki, cikin akwati mai murfi. Kuma ku bar zura tsiraran wayoyin jan ƙarfe cikin ruwa don auna mataki. Wutar batir tana cinye su, tsatsar ta narke a ruwan da jama'a za su sha.

Mai son na'ura mai auna tazara da amsa-kuwwa, irin JSN-SR04T, ya sani ba ta ganin abin da ya matso ta ƙasa da santimita 20, kuma zafin Afrilu yana ƙara wa sauti gudu. Abin da aka saita da sanyin hunturu zai yi kuskuren kusan kashi 4 cikin ɗari idan cikin tanki ya kai digiri 45. Raɓar da ke taruwa a ƙarƙashin murfi ma tana ruɗa ta.

Kada ku rataya komai a wuyan layin waya. A Satumban 2021 aka rufe sabis a Zamfara baki ɗaya, wasu garuruwan suka haura wata biyu a haka. Tanki ya yi magana da mai gadi kai tsaye ta rediyo. Saƙon waya ya zama ƙari. In tankin ƙarfe ne, eriya ta fito waje.

Aibin na'urar ƙofa shi ne sau ɗaya take magana, lokacin da makunni ya motsa. In batirinta ya mutu sai ta yi gum, mai gadi ya ɗauka tanki cike yake. Ku sa maɓallin gwaji, ku nuna masa ya riƙa dannawa duk Juma'a, sannan ku rubuta ranar sauya batir a jikin akwatin.