SHARHI: Hoton Ƙwaro Ba Wasan Yara Ba Ne Ga Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya ga matashi a unguwar Uwani ta birnin Inugu ya tsuguna gaban tukunyar da aka shuka tumatir ko barkono a bayan gida, ya kafa wayarsa dab da ganye yana ɗaukar hoton wani ɗan ƙwaro, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne yaron nan ya rasa aikin yi. Galibin iyaye da iyayen gida a kasuwa haka suke kallon al'amarin. Amma idan aka auna shi da ma'aunin tattalin arziki, za a ga cewa wannan sha'awa tana samar da wani abu da fataken kayan abinci suka daɗe suna asara saboda rashinsa, wato samun labari da wuri.

Zaman Hausawa a Inugu da Anacha da Fatakwal ba na jiya ba ne. A Inugu ne Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga Lardin Sakkwato, ya zama magajin gari na farko. Har yanzu kuwa babban abin da ke riƙe da jama'ar waɗannan zangogi shi ne safarar amfanin gona daga Arewa: tumatir, albasa, tattasai, wake, masara da gyaɗa, waɗanda ake saukewa a kasuwannin Ogbete a Inugu, Ose a Anacha, da kasuwar kayan marmari ta titin Kaduna a Fatakwal. Jarin ɗan kasuwa yana nan Kudu, amma gonar da ke ciyar da jarin tana can nesa. Tsakanin Kano da Fatakwal akwai kimanin kilomita 1,000. Duk abin da ya sami gonar, shi ne na ƙarshe da zai ji, shi ne kuma na farko da masu saye za su tuhuma.

Tarihi ya riga ya nuna irin ɓarnar da ƙwaron da ido ke rainawa zai iya yi. A 1975, wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa ta afka wa gyaɗa a Arewacin Nijeriya, ta lalata ɗaruruwan dubban hekta, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A 2015 ƙwaron Tuta absoluta, wanda manoman Kano ke kira "sharon", ya bayyana a ƙasar nan. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifen a 2006, tsawonsa bai kai santimita 1 ba, tsutsarsa kuma tana shiga cikin ganye da ɗan tumatir ta cinye su daga ciki. Ya zuwa watan Mayu na 2016, gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin kaya, farashin kwando kuma ya yi tashin gwauron zabo a duk kasuwannin Kudu. Annobar ta sake dawowa a 2023.

A cikin shekarar 2016 ɗin ne kuma aka fara ganin wata sabuwar tsutsa mai cin masara a Kudu maso Yammacin Nijeriya, wadda masanan cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan suka tabbatar cewa daga nahiyar Amurka ta fito. A nan ne amfanin hoton kusa ke fitowa fili. Alamomin da ke bambanta wannan tsutsa da sauran 'yan'uwanta su ne wani zane mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka jeru murabba'i kusa da wutsiyarta. Mai wucewa ba zai lura da su ba, amma hoto mai kyau yana nuna su sarai. Shi ya sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da manhajar waya mai suna FAMEWS a 2018 domin tattara rahoton tsutsar daga gonaki.

Ko a cikin shago ma haka abin yake. Ƙwaron wake yana saka ƙwai farare ƙanana a jikin ƙwayar, tsutsa ta huda ta shiga, cikin makonni uku zuwa huɗu sabon ƙwaro ya fito, musamman a wuri mai ɗumi. Ɗan kasuwar da ya ga ƙwan da wuri yana da zaɓi: ya sayar nan take, ko ya zuba a buhu mai ruɓi uku na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, wanda ke toshe iska ya kashe ƙwaron ba tare da magani ba. Wanda bai gani ba sai wake ya zama gari, shi ne ke garzayawa ya antaya guba. Sakamakon wannan ɗabi'a a bayyane yake: a 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos a cikinsa, daga baya kuma ta tsawaita haramcin.

A shekarun 1990, irin wannan hoto sai mai hali. Ana bukatar kyamara ta musamman da gilashin kusanto da abu, ga kuɗin fim mai ɗaukar hoto 36 kacal, ga kuɗin wanki, ga jiran kwanaki kafin a san ko hoton ya fito. Yanzu wayar da ke aljihun yaron shago, tare da ɗan gilashi da ake maƙalawa a bakin kyamararta, ta isa. Abin da ya rage shi ne ƙwarewa, ita kuwa masu sha'awar ne suke da ita. Su ne suka san cewa da sassafe ake ɗauka, lokacin da ƙwaro bai warware ba kuma haske bai yi kaifi ba. Cewa a ƙarƙashin ganye ƙwai ke ɓoyewa. Cewa ana ajiye tsinken ashana a gefe domin a gane girman abin. Kuma hoton da ba a rubuta rana da wurin ɗaukarsa ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Sai dai kuma tilas a yi hattara. Hoto shaida ce, ba hukunci ba ne. Manhajojin da ke gane ƙwari suna kuskure, kuma ba kowane ƙwaro ne maƙiyi ba: ƙudan zuma na taimaka wa fure ya ƙulla 'ya'ya, ƙoƙi-ƙoƙi kuwa wasu ƙwarin yake ci. Bugu da ƙari, hoton da aka watsa a WhatsApp ba tare da tantancewa ba yana iya tayar da farashi a banza, ko ya ɓata sunan kayan wani yanki ba da haƙƙi ba. A wuraren da baƙi ke zaune da masu masauki kuwa, neman izini kafin shiga lambun wani da kyamara wajibi ne.

Saboda haka shawarar da za a ba ƙungiyoyin 'yan gwari da na 'yan hatsi, da sarakunan Hausawa na waɗannan birane, ba mai tsada ba ce. Kowace ƙungiya ta zaɓi matasa biyu ko uku masu wannan sha'awa, ta saya musu gilashin, ta ɗora musu ɗaukar hoton samfurin kaya a duk lokacin da mota ta sauke. A haɗa su da takwarorinsu na Dawanau da Kadawa, domin labari ya riƙa tahowa kafin kaya. Duk abin da ba a gane ba, a tura wa masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ko cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, wadda ke da ofis a Kano da Fatakwal, kafin a faɗa wa kowa. Hotunan za su kuma taimaka wajen raba gardama tsakanin mai aikowa da mai karɓa idan kaya suka iso a lalace.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin mai gadi domin tsoron ɓarawon dare, bai kamata ya yi ƙyashin ɗan abin da zai kashe a kan yaron da ke iya nuna masa ɓarawon da ke cikin buhu ba.