A Buɗe Wa Samarin Tudun Wada Zauren Shawara

Duk sa'ad da ƙura ta tashi a Zariya, ko an yi sare-sare a wata unguwa, ko an fasa shaguna, ko an ƙona tayoyi a hanyar da ta taso daga Ƙofar Doka ta ratsa Tudun Wada ta nufi gadar Kubanni, to kafin hayaƙi ya lafa za ka ji hukunci ɗaya a bakin manya, daga mumbarin Juma'a har zauren mai unguwa da gidajen rediyo, wai yaran zamani sun lalace, tarbiyya ta yi ƙaura, ƙwaya ta cinye musu hankali, kuma babu maganinsu sai bulala da dokar hana fita da ƙarin wa'azi. Wannan magana ta bi jiki har ta zama kamar ijma'i, wanda duk ya saɓa mata sai a ce yana ɗaure wa ɓarna gindi. Ni na saɓa mata, domin a ganina tana da illa babba, ita ce takan wanke masu faɗinta tas, ta ɗora kaya duka a kan wanda ba ya wurin balle ya kare kansa.

Ban ce babu shaye-shaye ba, ban kuma ce wanda ya soki bawan Allah da wuƙa saboda wayar hannu ba azzalumi ba ne. Jinin ɗan Adam haramun ne, kuma lalle hukunci ya hau kan wanda ya zubar da shi. Amma malaman usulu sun koya mana bambanta alama da illa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018, an kama, an ɗaure, an yi holin yara gaban 'yan jarida da addunansu a shimfiɗe a ƙasa, amma fitinar ba ta kwanta ba, domin ba a tambayi abin da ya sa saurayi mai ƙarfi a jika ya wayi gari ba shi da inda za shi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a Tudun Wada ake faɗin haka, unguwar da tarihinta kansa ya ishe mu hujja. Turawa suka keɓe ta tsakanin Birni da Sabon Gari domin baƙin Arewa, sai ta zama matattarar ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa daga kowace lardi, kuma a wannan yanki Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945. Malam Abubakar Imam bai kai shekara talatin ba lokacin da aka danƙa masa editancin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Malam Sa'adu Zungur, yana koyarwa a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, shi ma bai cika talatin ba ya riƙa tara samari suna muhawara a kan halin da Arewa ke ciki. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta yi ɗan karatunta na elementare a nan Tudun Wada, tana da shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU, ta sha duka da ɗauri sau da yawa, yau ga babban asibiti a Ƙofar Gayan da sunanta. Waɗannan duka a zamaninsu an sami manyan da suka kira su marasa kunya. Yanzu mukan yi alfahari da su a wajen lacca, alhali kuwa tsararsu na yau ba mu yarda su wuce jera kujeru da rabon ruwa a taronmu ba.

Sa'an nan wa ya fara sa makami a hannun yaro? Tun 1953 aka san 'Yan Mahaukata a Kano, waɗanda aka riƙa turawa su tarwatsa tarurrukan NEPU, kuma daga wancan lokaci sana'ar ba ta mutu ba, suna kawai take sauyawa, a Kano 'yan daba, a Gombe 'yan kalare, a Bauchi da Kaduna 'yan sara-suka. Duk mazaunin Tudun Wada ko Gyallesu ko Tudun Jukun ya san yadda abin yake idan zaɓe ya ƙarato. Bayan sallar isha'i mota mai baƙin gilashi za ta tsaya kusa da teburin mai shayi, inda samari suka yini a benci suna jiran wayarsu ta cika a shagon mai caji, a kira babbansu gefe, a miƙa masa kuɗi da riguna masu hoton ɗan takara, a ce gobe akwai gangami, a fito da yara. A ranar sunansu “yaranmu”. Idan an rantsar da mai gida kuwa, lambar wayarsa ta daina shiga, sai su koma “ɓata-gari”, kuma shi ne zai fara kira ga jami'an tsaro su yi maganinsu. Addar da ya saya musu tana nan, shaye-shayen da ya ɗora su a kai yana nan, abin da ya gushe shi ne kuɗin, to sai su nemo shi a aljihun talaka ɗan'uwansu.

Kakannin waɗannan yara sun ci abinci a reluwe da injinan gurzar auduga da kamfanin taba, iyayensu sun ga masaƙun Kaduna suna aiki dare da rana kafin KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Su kuwa sun taso sun tarar da acaba da turin ga-ruwa, a garin da ke da jami'ar Ahmadu Bello da kwalejoji birjik, inda mai digiri da wanda bai gama firamare ba suke layi ɗaya na jiran fasinja. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, har wannan ɗan abin ya ƙara ƙuntata.

An gwada hanyar manya, mun kuma ga ƙarshenta. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 an yi kwana uku ana kisa da ƙone-ƙone a jihohi 12 na Arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta rayuka fiye da 800, Zariya ma ta ɗanɗana, har aka ƙona gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Namadi Sambo. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da ya bincika ya ambaci ƙosawar jama'a da alkawuran da ba a cikawa, da kuma watsi da rahotannin kwamitocin baya. Shekara goma sha uku bayan haka, a Agustan 2024, samari suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, ta rikiɗe ta zama fashe-fashe a wasu wurare, aka kafa dokar hana fita ta sa'a 24 a Kaduna da Zariya, kashegari harsashin soja ya kashe yaro ɗan shekara 16 a Samaru, rundunar da kanta ta amsa haka. Ranar 1 ga Nuwamba duniya ta ga yaran Arewa suna faɗuwa don galabaita a babbar kotun tarayya ta Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, sai da jama'a suka yi ca aka sake su. Ban ga yadda hukumar da ta yarda yaro ya isa ya ci amanar ƙasa za ta ce bai isa a saurare shi a kan kuɗin makarantarsa ba.

Wannan ne ma shari'a ta riga ta warware mana. Da zarar yaro ya balaga ya zama mukallafi, salla ta wajaba a kansa, ƙisasi da haddi suna hawa kansa, ana karɓar shaidarsa idan adali ne, yana iya jan sahu idan ya fi kowa karatu. Wanda taklifi ya hau kansa yana da haƙƙi a cikin shura. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu, yana saurayi, a kan rundunar da manyan sahabbai ke ciki, ko da yake wasu sun yi gunaguni. Muhammadu Bello yana da kimanin shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma a kafaɗar irinsa jihadin ya tsaya. Ko a al'adarmu akwai sarautar sarkin samari, mai tara gayya, mai kai kukan tsararsa gaban dagaci. Ƙoramar da aka toshe wa hanya da shara, in damina ta kankama, cikin gidaje take bi.

Wani zai ce ai an buɗe ƙofa, tunda dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Gaskiya ne. Amma a 2022 jam'iyya mai mulki ta sa takardar neman takarar majalisar jiha naira miliyan 2, ta wakilai miliyan 10, a lokacin da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, kuma ko da rangwamen da aka yi wa matasa, ɗan acaban Tudun Wada ba zai kai ba sai da ubangida, mai ubangida kuwa da bakin wani yake magana. Rabon babura da kekunan ɗinki da ake yi da sunan tallafa wa matasa ba ya maye gurbin wannan, domin mai karɓar kyauta godiya ake jira daga gare shi, ba a tambayar ra'ayinsa.

Don haka ina kira ga hakimai da masu unguwanni da limaman Tudun Wada, da shugabannin ƙaramar hukumar Zariya, iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma: duk taron tsaro da za a kira, a ware kujeru ga samari maza da mata waɗanda tsararsu suka zaɓa, har da wakilan 'yan acaba da makanikai da almajiran tsangaya, a ba su dama su yi magana kafin a yanke shawara. A karanta kasafin mazaɓa a bainar jama'a da Hausa, su san nawa aka ware wa ruwa da makarantar unguwarsu. Jam'iyyu su bar takarar kansila kyauta ga 'yan ƙasa da shekara talatin. Idan kuma an kama yaro da adda a lokacin zaɓe, a bi sawu har zuwa ga wanda ya saya masa, a gurfanar da su a gaban alƙali ɗaya. Ku kuma samari, ƙannena, ku karɓi katin zaɓe, ku shiga taron jam'iyya na mazaɓa ko ba a gayyace ku ba, kuma kada ɗayanku ya sake ɗaukar makami domin mutumin da bai kawo ɗansa na cikinsa wajen gangamin ba.