Zauren Iyali: Lambar da aka ce lokacinta ya yi

Wata baiwar Allah ta rubuto wa wannan fili tana kukan maigidanta, wanda ya tanadi littafi guda yana rubuta duk lambobin loto da suka fito. Wadda ta yawaita fitowa sai ya ce tauraronta na haskawa, wadda ta daɗe ba a gan ta ba kuwa ya ce lokacinta ya yi. Kullum dala arba'in, wata rana har jaka guda, na zurarewa daga kuɗin cefane. In ta yi magana sai ya ce shi ba caca yake yi ba, lissafi yake yi.

Hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya wuri guda. Amma tun da malam ya fake da lissafi, bari mu bi shi har can.

Ƙwallayen da inji ke jujjuyawa ba su da ƙwaƙwalwa. A loton da ake zaro lamba 5 daga cikin 90, irin wanda ya shahara a Gana, rabon kowace lamba a kowane zare ɗaya ne cikin 18, ko jiya ta fito ko ta shekara a ɓoye. To me ya sa littafin ke nuna wasu sun fi wasu? Jefa kwabo sama sau goma ka gani. Samun biyar da biyar daidai ba ya wuce kusan sau ɗaya cikin huɗu. Haka in an yi zare 90, wata lamba za ta leƙo sau tara, wata sau biyu, ba tare da wani sirri ba. Rashin daidaiton nan shi ne ainihin kamannin kuri'a.

A ƙasar Bulgeriya, ranar 6 ga Satumba 2009, aka zaro 4, 15, 23, 24, 35 da 42. Bayan kwana huɗu lambobin nan shida suka sake fitowa cif. Hukuma ta yi bincike, ba ta samu maguɗi ba. A Afirka ta Kudu ma, a Disamba 2020, an zaro 5, 6, 7, 8, 9 da 10 a jere. Inda ake zare dubbai a duniya shekara da shekaru, dole wata rana abin mamaki ya faru, sai dai babu littafin da ya taɓa faɗin ranar.

Hanyoyin haɗa lamba 5 daga 90 sun kai 43,949,268, sun fi yawan mutanen Nijar gaba ɗaya. Mai neman lamba biyu kacal yakan dace sau ɗaya cikin kusan 400, a biya shi ninki 240. Gibin da ke tsakani kuwa abincin masu loto ne. (Masu sayar da lambar mafarki da ta bugun ƙasa fa, da sun san ta, ai da kansu za su saya.)

Ƴar'uwa, kada ki yaga littafin, rigima kawai za ki tayar. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi, ki roƙe shi cikin ladabi ya ja layi biyu a shafin ƙarshe, ɗaya na abin da ya zuba tun daga azumin bara, ɗaya na abin da ya karɓa, ku tara su tare.